Jawabi Kan Daidaita Abinci: Sitaci, Maiƙo da Abin Gina Jiki



A yawancin gidajen ƙasar nan, daga Sakkwato har Fatakwal, abin da ya fi cika akushi shi ne tuwon dawa ko na masara, shinkafa, sakwara ko teba. Dukansu abinci ne mai sitaci, watau mai ba da ƙarfi. Wannan ba aibu ba ne. Amma cikar ciki daban, ƙoshin jiki daban, kuma yaran da ke tasowa su ne kan fara shan wahala idan ba a bambance su ba.

Jiki yana samun ƙarfinsa daga abu uku: sitaci, da furotin mai gina jiki, da maiƙo. Masana kan auna ƙarfin da kalori. Giram ɗaya na sitaci ko na furotin yana ba da kalori 4, na maiƙo kuwa kalori 9. A shekarar 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona suka ba da shawarar cewa sitaci ya ba da kashi 55 zuwa 75 cikin 100 na ƙarfin yini, maiƙo kashi 15 zuwa 30, furotin kashi 10 zuwa 15. Sukarin da ake zubawa a shayi da lemun kwalba kuwa kada ya kai kashi 10.

Alal misali, babban mutum mai bukatar kalori 2,000 a yini zai wadatu da giram 300 na sitaci, da giram 75 na furotin, da kimanin giram 55 na maiƙo. Maiƙon nan bai wuce cikin babban cokali huɗu ba, har da wanda ke ɓoye cikin gyaɗa, nama, ƙosai da sauran soye-soye.

Sa'an nan kuma ba duk mai sitaci ne ɗaya ba. Gero da dawa suna da furotin kimanin kashi 10 cikin 100, garin rogo kuwa bai wuce kashi 2 ba, alhali wake ya haura kashi 20. Abin da hatsi ya gaza na ginin jiki, wake yakan cike shi. Saboda haka shinkafa da wake, ko tuwo da miyar da ta sha daddawa da kifi, sun fi gayan tuwo nesa ba kusa ba. Hatsin da ba a surfe shi ƙwarai ba ya fi amfani, musamman ga mai ciwon sukari.

Rage maiƙo ba ya nufin ƙaurace masa. In babu shi, jiki ba ya iya tsotsar bitamin A, D, E da K, ga shi kuwa manja na taimakon lafiyar ido. Abin da ya kamata babba ya rage shi ne kitse da yawan suya.

Ƙananan yara kuwa wannan ƙa'ida ba tasu ba ce. Kusan rabin ƙarfin nonon uwa daga maiƙo yake. A shekarar 1933, Likita Cicely Williams ta bayyana cutar kwashoko a ƙasar da ake kira Gana yanzu, cikin yaran da aka yaye da kokon masara zalla: ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja, yaro ya yi laƙwas. Don haka wajibi ne uwa ta shayar da nono kaɗai har wata 6, bayan haka ta riƙa ƙara gyaɗa, waken suya, ƙwai ko ɗan mai a kunun yaro, tana ci gaba da shayarwa.

Daga ƙarshe, nauyin yana wuyan maigida da uwargida duka. Kuɗin cefane ya tafi ga wake, ganye da kifi kafin lemun kwalba, kuma idan an zo rabon nama, kada a bar yara a baya. Duk yaron da aka ga yana ramewa ko kumburi, a hanzarta kai shi asibiti mafi kusa.

Allah Ya ba da lafiya da zama lafiya.