Idan wuya ya ƙage

A Saminaka ta ƙasar Birnin Gwari, wuya yana shan aiki. Mace ta naɗa gammo ta ɗauko dammin itace daga bakin daji, manomi ya saɓa buhun masara, ɗan acaɓa kuma ya yini yana faɗawa ramukan hanya. Washegari sai mutum ya tashi wuya ya ƙage, in zai waiwaya sai ya juya da jikinsa duka.

Yawanci targaɗe ne na jijiyoyi da naman wuya, kuma yakan warke a gida. A kwana 2 na farko, ƙanƙara a cikin tsumma, ko tsumman da aka jiƙa da ruwan randa, ta minti 15 zuwa 20, tana rage kumburi. Daga nan sai gashi da ruwan ɗumi. Farasitamol na sassauta zafin. A sauke ɗaukar kaya, a rage tsayin matashin kai, a riƙa motsa wuyan a hankali.

Abin tsoro shi ne a ba wani ya murɗe wuyan har ya yi ƙara. Laka ce ke ratsa wurin.

Wanda ya faɗo daga babur, ko hannunsa ke mutuwa, asibiti zai nufa ba tare da an jijjiga kansa ba. Haka wanda wuyansa ya sanƙare da zazzaɓi da ciwon kai, musamman lokacin zafi: sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya a 1996. Jama'a, irin wannan a kai shi Babban Asibitin Birnin Gwari ranar, kada a bari ya kwana.