Jawabi a Kan Fitsarin Jini da Hasken Mafitsara

Na gode da kuka tsaya bayan sujada. Maganar da na kawo tana da nauyin faɗa, amma dole a faɗe ta.

Da yawanmu mun taso muna jin cewa idan yaro ya yi fitsari da jini, alamar balaga ce. Ba haka ba ne. Tsargiya ce. Tsutsar tana fitowa daga jikin dodon koɗi a kududdufi, ko rafi, ko bakin madatsar ruwa irin ta Zoɓe, ta huda fatar mai wanka ko mai wanki. Ƙwanta yana maƙalewa a bangon mafitsara yana ji masa rauni shekara da shekaru. Tun 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano ta a Alƙahira, kuma masana sun tabbatar tana iya jawo ciwon dajin mafitsara. Shan taba ma yana jawo shi.

To, yaya likita zai ga abin da ke ciki ba tare da ya yanka mutum ba? Akwai wani siririn bututu mai fitila da kyamara a bakinsa. Ana sa maganin kashe zafi, a zura shi ta hanyar fitsari, a cika mafitsara da ruwa mai tsabta don ta buɗe, sai bangonta ya bayyana a allo. Idan an ga ƙari, ana ɗebo ɗan kaɗan a kai gwaji. Wanda bai yi zurfi ba, ta wannan hanyar ake kankare shi. Amma in ya riga ya shiga naman bango, sau da yawa sai an cire mafitsarar, a yanki ɗan hanji a yi wa fitsari sabuwar hanya. Wannan babbar tiyata ce, kuma tana cin kuɗi.

A 2017 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka suka nuna yadda kwamfuta za ta haɗa waɗannan hotuna su zama taswirar mafitsara gaba ɗaya, don likita ya san inda ƙari yake, ya kuma kwatanta da hoton baya. Abu ne mai kyau, amma ni abin da ya fi damuna shi ne mutanenmu ba sa zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsu.

Yara su sha Praziquantel duk lokacin da aka kawo shi makaranta, bayan sun ci abinci. Yana kashe tsutsa, amma ba ya warkar da daji. Saboda haka babban mutum da ya ga jini a fitsarinsa, ko da sau ɗaya, ko da babu zafi, kada ya tsaya ga kemis ko jiƙo. Ya je asibiti, ya nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Katsina, ko na Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. Iyaye mata, kada kunya ta sa ku ce jinin al'ada ne ku yi shiru. Wanda kuɗin mota ya gagare shi, ya gaya wa dattawan ikilisiya tun da wuri.