Yadi Goma, Yunƙuri Huɗu: Ƙwallon Amurka ga Wanda Bai Taɓa Saninta Ba

   

Maganar yau wani dattijo ne ya jawo ta. Makiyayi ne, ya tare ni a kasuwar Aboabo, ya ja ni gefe. Yana da ɗa mai shekara 17, dogo, ƙaƙƙarfa, wanda ya kamu da kallon ƙwallon Amurka a waya. Sai ga wani mutum ya ɓullo, ya ce jikin yaron nan kuɗi ne, a ba shi kuɗin bijimi biyu ya yi masa hanya zuwa Amurka. Dattijon ya ce da ni, "Malam, ni wasan ma ban san shi ba. Na leƙa wayar, na ga ƙarti da hular kwano suna karo kamar raguna, su faɗi, su tashi, su sake. In sayar ko kada in sayar?" Na ce, "Baba, ko ɗan maraƙi kada ka taɓa sai ka ji shirinmu." To yau zan cika alkawari. Za mu fara da wasan kansa, domin ba a cinikin abin da ba a sani ba, sannan mu dawo kan bijiman.

Da farko ku cire ƙwallon da muka saba daga ranku. Wannan da hannu ake yawancin ta. Ƙwallon ma ba zagayayya ba ce, doguwa ce kamar gwanda, mai tsini gaba da baya. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Tsawon filin yadi 100, kuma yadin nan shi ne dai wanda kuke auna atamfa da shi. A kowane ƙarshe akwai ƙarin yadi 10, mu kira shi masauki. Abin da kowace ƙungiya ke nema shi ne ta kai ƙwallo masaukin da abokan hamayya ke tsarewa, ko a guje da ita a hannu, ko a jefa wa wani ya cafe.

Ga dokar da in ka riƙe ta ka riƙe wasan. Masu ƙwallo ana ba su yunƙuri huɗu su ci yadi goma. Masu sayar da zane, turmin yadi shida ne da ƙarin yadi huɗu, iyakarta ke nan. In sun ci goman, a sake ba su wasu huɗu sababbi. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kowane yunƙuri yana ƙarewa da an kayar da mai riƙe da ƙwallo, ko ya fita layi, ko an yi jifa ta faɗi ƙasa ba wanda ya cafe. Shi ya sa kuke ganin ana ta tsayawa ana sake jeruwa. Ba faɗa ba ne, awo ake yi.

Bari mu yi lissafin tare. Yunƙurin farko, wani ya ruga ya ci yadi 3, saura 7. Na biyu aka yi jifa ta faɗi, ba a ci komai ba, har yanzu saura 7. A jikin talabijin ko waya za ka ga lamba biyu, 3 da 7, ma'ana yunƙuri na uku ne, yadi bakwai ake bin su. In a nan suka ci yadi 8, bashi ya biyu, lissafi ya koma farko daga inda suka tsaya. Akwai wani layi rawaya da ake nunawa a hoton, shi ne iyakar da ake son kaiwa. A filin babu shi, na'ura ce ke zana wa masu kallo. A gefen fili kuma za ka hangi mutane riƙe da sanda biyu da sarƙa mai yadi goma a tsakaninsu.

To in an zo yunƙuri na huɗu fa, ba a biya ba? Nan ne hankali ke aiki. Yawanci ba sa kasada. Sai su doka ƙwallon da ƙafa can nesa, don abokan hamayya su faro daga baya. Kamar ɗan kasuwar da ya ga tumatir zai lalace masa a bakin iyaka ne, ya karya farashi ya tsira da uwar kuɗi. In kuwa sun matso kusa, sai su gwada bugun raga. Ragar ba ta da zare, ƙarfe ne mai kama da gwafa, ana son ƙwallo ta wuce ta saman sandar tsakiya, tsakanin ƙahonin biyu.

Makin kuwa haka yake. Kai ƙwallo masauki, abin da suke kira tacdawun, maki 6. Bayansa ana ba da ƙari: a buga ta gwafa a samu 1, ko a sake yunƙurin shiga masaukin daga kusa a samu 2. Bugun gwafa shi kaɗai maki 3. In aka kayar da mai ƙwallo a cikin nasu masaukin, masu tsaro sun samu 2. Saboda haka in ka ji an tashi 21 da 17, kada ka ɗauka ƙwallo 21 aka zura.

Cikin mutum 11 ɗin nan kowa da aikinsa, kamar ayarin fataken da ke zuwa Salaga sayen goro a zamanin kakanninmu. Akwai madugu, Amurkawa na ce masa kwatabak. Shi ake miƙo wa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu a farkon kowane yunƙuri, shi ke yanke shawarar ya jefa ko ya miƙa wa mai gudu. A gabansa akwai ƙarti biyar, su ne katanga, aikinsu tare hanya kawai. Akwai masu tsere su cafe, akwai masu ɗauka su kutsa. Jifa zuwa gaba sau ɗaya tak aka yarda a kowane yunƙuri, kuma sai daga bayan layin da aka faro. In mai tsaro ya cafe jifar, ko ƙwallo ta suɓuce ya ɗauka, nan take ta zama tasu. Wani abin da ke rikita baƙo shi ne canjin mutane. Da ƙwallo ta sauya hannu sai ka ga duk an fice wasu sun shigo, domin masu kai hari daban, masu tsaro daban, masu bugun ƙafa daban.

Alƙalin wasa ba kati yake ɗagawa ba, ƙyalle rawaya yake jefawa ƙasa, kuma tarar da yadi ake biyan ta. Wanda ya motsa kafin a fara, a mayar da su baya yadi 5. Mai kai hari ya riƙe abokin hamayya, yadi 10. Wanda ya finciki ƙarfen fuskar hular wani, yadi 15. Lokacin wasa minti 60 ne, kashi huɗu, kowanne minti 15, amma da yake agogo na yawan tsayawa, a kan kai awa uku ana abu ɗaya. Babbar gasarsu, NFL, ƙungiya 32 ce. Ana farawa a watan Satumba, a yi wasan ƙarshe mai suna Super Bowl a Fabrairu. In an take shi, mu nan Ghana da Togo da Burkina wajen sha ɗaya da rabi na dare ne, Nijar da Najeriya kuwa sha biyu da rabi. Mai fita da shanu da sassafe ya yi lissafin barcinsa.

Yanzu maganar da ta shafi iyaye. Karon nan da Baba ya gani ba na wasa ba ne. Suna sa hular kwano da wani abu kamar lifidi a kafaɗa, amma hula ƙoƙon kai take karewa, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki. Wanda ya fito da wannan magana fili ɗan Afirka ne, Dakta Bennet Omalu, haifaffen jihar Anambra a Najeriya. A 2002, a birnin Pittsburgh, ya binciki ƙwaƙwalwar wani tsohon ɗan wasa, Mike Webster, wanda ya rasu yana da shekara 50, ya ga lahanin da yawan buguwar kai ya bari. Ya buga sakamakon a 2005. Irin wannan ciwo yana zuwa da mantuwa da rikicewar hali bayan shekaru. To in masu hula da likitoci a gefen fili ba su tsira ba, ina ga yaranmu da za su kwaikwayi abin a kan tsandauri, kai ba komai? Ku hana su. Yaron da ya bugu a ka ya ji jiri, ko amai, ko ya rikice, a cire shi daga wasa a kai shi asibiti, kada a ce ya yi jarumta.

Akwai hanyar da ba karo a cikinta, ita ce ƙwallon zare ƙyalle. Kowa na rataya ƙyalle biyu a ƙugu, dama da hagu. Maimakon ka kayar da mutum, sai ka zare ƙyallensa, yunƙuri ya ƙare. Mutum biyar biyar ake yi, filin ƙarami, yadi 50 ban da masaukai. Yunƙuri huɗu a kai tsakiyar fili, wasu huɗu a shiga masauki. Ba hula, ba lifidi, ragowar ƙyallen tela ya isa. Kuma kada a raina ta. A watan Oktoban 2023 kwamitin Olamfik na duniya ya amince a yi ta a wasannin Los Angeles na 2028, maza da mata. Yaron da ke son wasan nan da gaske, a nan zai koyi jifa da cafiya da lissafin yadi, kansa lafiya.

To mu dawo kan bijiman Baba. Gaskiya ne idon Amurkawa na kan Ghana. A watan Yunin 2022 NFL ta yi sansaninta na farko a nahiyar Afirka, kuma a Accra aka yi, ƙarƙashin jagorancin Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya kuma ci Super Bowl sau biyu da New York Giants. A shekarar ne ƙungiyar Philadelphia Eagles ta samu izinin tallata kanta a Ghana. Gaskiya ne kuma ɗan Ghana ya yi suna a can. Ezekiel Ansah, haifaffen Accra, ƙungiyar Detroit Lions ta ɗauke shi a 2013, shi ne na biyar a zaɓen shekarar baki ɗaya. Irin labaran da dillali zai karanto maka ke nan, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Abin da ba zai faɗa ba shi ne ta ina Ansah ya bi. Karatu ne ya kai shi jami'ar Brigham Young a 2008. Ya nemi shiga ƙwallon kwando ba a ɗauke shi ba, ya yi tsere, sai a 2010 ya fara wannan wasa, a makarantar. Haka Christian Okoye na Enugu, wanda ya fi kowa cin yadi da gudu a NFL a 1989: jami'a ya je a Kalifoniya a matsayin mai jifan faifai, a can ya koyi ƙwallon. A tamu ƙwallon, tsanin yana nan gida. Abedi Pele a Real Tamale United ya yi suna kafin duniya ta san shi. A tasu kuwa tsanin cikin makarantu yake, daga sakandare zuwa jami'a, kuma zaɓen da ƙungiyoyi ke yi duk shekara zagaye bakwai ne, mutum 250 da 'yan kai, daga cikin dubban ɗalibai. Akwai wata ƙaramar ƙofa da NFL ta buɗe wa 'yan ƙasashen waje tun 2017, amma mutanenta ne ke gwada yaro su zaɓa, kuma 'yan kaɗan ne a shekara. Biza kuwa, mu nan Ghana, ofishin jakadancin Amurka da ke Accra ne ke bayarwa. Ba a sayar da ita a tasha.

Saboda haka Baba, da duk mai irin wannan baƙo, ga abin yi. Ka tambaye shi sunan makarantar ko ƙungiyar da za ta karɓi yaron, ya ba ka a rubuce. Ka kai takardar wurin shugaban makarantar yaronka, ko ofishin hukumar wasanni ta ƙasa a nan Tamale, su bincika maka. In ya ce sirri ne, ko ya ce sai yau ko gobe in ba haka ba dama ta wuce, ka san da wa kake magana. Kai da ba ka sayen saniya sai ka buɗe bakinta ka duba haƙori, kada ka ba da bijimi biyu a kan hoton waya. Yanzu ma kana da abin gwaji a hannu. Ka ce masa, "Yunƙuri nawa ake bayarwa, a ci yadi nawa?" In ya yi inda-inda, ka ba shi ruwa ya sha, ka raka shi bakin hanya.

Shi kuma yaron kada a kashe masa gwiwa. Ɗana, in kana ji na, ka riƙe karatunka, domin shi ne ya kai waɗanda kake kallo inda suke. Ka tara abokanka tara, ku nemi ƙyalle, ku auna fili da igiya, ku fara. In an ga ƙwazonka a fili, masu nema na gaskiya ba shanun babanka za su tambaya ba.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ya aiko, za mu amsa a shiri na gaba. Na rugga, a gaida gida. Na kan iyaka, Allah ya ba da kasuwa. Mu kwana lafiya.