Kafin Kwari, Kafin Bagauda: Su Wa Suka Rayu A Ƙasar Nan?

 Yau za mu yi hira kan mutanen da suka rayu kafin noma, waɗanda abincinsu farauta ce da kamun kifi da tsintar 'ya'yan itace.

Bari mu fara daga Kantin Kwari. A ce kasuwar nan ta binne a ƙasa shekara 8,000, sannan wasu suka zo suka tona, me za su samu? Atamfa ta ruɓe, shadda ta ruɓe, leshi babu labarinsa. Sai dai kwaɗon rufe shago, tsatsar almakashi, da fasassun kwalabe. Wanda ya tona zai iya rantsuwa cewa kasuwar maƙera ce! To, irin matsalar da masu binciken kufai ke fama da ita ke nan. Mafarautan da can da fata da itace da igiya suke aiki, duk ƙasa ta cinye. Abin da ya saura mana dutse ne da ƙashi.

Amma wani lokaci akan yi dace. A 1987, a Dufuna ta jihar Yobe ta yanzu, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da katako. Ashe kwalekwale ne, tsawonsa ya haura mita 8. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka fito da shi. Gwajin kabon ya nuna ya kai shekara 8,000, kuma shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka. Me ya hana shi ruɓewa? Laka mai ruwa ce ta lulluɓe shi, iska ba ta shiga. Ku duba fa, babu ƙarfe a lokacin, da dutse aka sassaƙa shi.

Mu leƙa Nijar. A Gobero, cikin hamadar Tenere, ayarin Paul Sereno na Amurka ya je neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare, a shekarar 2000, sai suka faɗa kan maƙabarta mai kaburbura kusan 200. Mutanen farko a wurin sun zauna bakin tafki kusan shekara 10,000 da suka wuce. Suna sukar giwan ruwa da mashin ƙashi, suna gina tukwane, suna binne mamatansu a wuri guda. Inda yau babu ko ciyawa, da dorina da kada ne ke wanka. Da fari ya busar da tafkin, suka tashi.

To, mu a Kano fa? Littafin Tarihin Kano ya kawo Barbushe, maharbin da aka ce da sanda yake kashe giwa, ya ɗauko ta a ka, kafin zuwan Bagauda a 999. Sai dai a lura, binciken da aka yi a Dutsen Dala ya nuna ana narka tama a wurin tun ƙarni na 7. Ke nan mutanen Barbushe sun riga sun san ƙarfe. Masu rayuwa kan farauta zalla sun riga su da dubban shekaru, kuma babu littafin da ya rubuta sunansu. Shaidarsu tana cikin ƙasa.

Nan ne abin ya shafe mu. Kun san dutsen nan mai sulɓi da manoma ke tsinta, ana cewa gatarin aradu? Ba daga sama ya faɗo ba, hannun mutum ne ya wasa shi. Kuma darajar irin wannan abu tana tare da inda aka same shi: zurfin ramin, da gawayi ko ƙashin da ke gefensa, su ake gwadawa a san shekarunsa. Idan ka ciro shi ka kai kasuwa, ka sayar da dutse, amma labarinsa ya tafi har abada.

Don haka, in ana haƙa tushen gini ko rijiya a unguwarku, kuka ga tsofaffin tukwane ko ƙasusuwa, ku dakata. Ku ɗauki hoto da waya kafin a taɓa, ku sanar da ma'aikatan gidan tarihi, kamar Gidan Makama a nan Kano. Da makiyayin Dufuna ya faskara katakon nan ya yi makamashi, da yau ba mu da abin faɗa.