Jiragen Fasinja na Dizal a Biritaniya Bayan Zamanin Tururi

Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne yadda Biritaniya ta bar jirgin ƙasa mai aiki da kwal da tururi, ta koma ga mai shan man dizal, watau wanda direbobinmu suke kira gas. Zan tsaya a kan jiragen fasinja kaɗai. Na kaya kuwa sai wani jiƙon.

Ran 11 ga Agusta, 1968, wani jirgi ya tashi daga Libaful, ya bi ta Mancesta zuwa Karlayil, ya komo. Kuɗin tikitinsa fam 15 da sule 15, kuɗi mai yawa a wancan zamani, amma duk da haka ya cika. Shi ne jirgin fasinja na ƙarshe da hukumar jiragen ƙasa ta Biritaniya ta ja da tururi a kan manyan hanyoyinta. Abin mamaki, shekara 8 kacal kafin nan, cikin 1960, hukumar ta ƙera sabon kan jirgi na tururi a ma'aikatarta ta Suwindon, ta raɗa masa suna Evening Star. Shekara 5 ya yi yana aiki aka jingine shi. Duk ma'aikacin da ya taɓa riƙe littafin kayan gwamnati ya san abin da ake kiran wannan.

To, me ya kawo wannan gaggawa? Kan jirgi na tururi sai an hura masa wuta sa'o'i kafin ya motsa, a kwashe masa toka, a ɗura masa ruwa, ga shi kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu samari sun daina sha'awar aikin ƙazanta irin wannan. Motoci suna ta janye fasinja, hukuma tana ta faɗuwa. Saboda haka cikin 1955 aka fito da babban shirin gyara na kimanin fam miliyan 1,240. Da fari an yi dabara mai kyau: a sayi kawuna 174 iri-iri daga kamfanoni dabam-dabam, a jarraba su shekaru, sa'an nan a zaɓi nagari. Amma da asara ta yi tsanani sai aka yi watsi da jarrabawar, aka shiga yin oda ɗari-ɗari na injunan da ba a ga kamun ludayinsu ba. Akwai wani iri da ake kira Clayton, an ƙera guda 117, ya zuwa 1971 ba ko ɗaya da hukuma take aiki da shi. Yankin yamma kuma ya kafe sai ya bi fasahar Jamus, wadda ta bambanta da ta sauran yankuna, aka wayi gari kayan gyaran wannan ba su shiga wancan. Cikin 1977 aka sallami na ƙarshensu.

Wani abin dariya ma, tururin bai tafi gaba ɗaya ba. Tsofaffin taragu da tururi ake ɗumama su lokacin hunturu, don haka tilas aka sa wa sababbin kawunan dizal ƙaramar tukunyar tafasa ruwa a ciki, kuma sau da yawa ita ce take fara lalacewa.

Kada ku ɗauka duka ɓarna ce. A ƙananan hanyoyi, tun 1954 aka fara sa taragu masu inji a ƙarƙashinsu, da wurin zaman direba gaba da baya, ba sai an juya kai a tasha ba. Sun rage kashe kuɗi ƙwarai, ko da yake ba su hana rahoton Dokta Richard Beeching na 1963 ba, wanda ya ba da shawarar rufe tasha 2,363 da kimanin mil 5,000 na dogo. A babbar hanyar Landan zuwa Edinbara kuwa, cikin 1961 aka kawo Deltic, mai ƙarfin doki 3,300, wanda asalin injinsa na jiragen ruwan yaƙi ne. Guda 22 suka ɗauke aikin kawunan tururi 55, suna gudun mil 100 a sa'a, suka mai da tafiyar ta sa'a 6.

Yanzu na iso inda nake so ku ba ni hankalinku. Wajen 1970 manyan hukuma sun sa ransu ga wani jirgi na musamman, APT, wanda zai riƙa karkata jikinsa a kwana don kada ya rage gudu. Sai wasu injiniyoyi, a ƙarƙashin Terry Miller, suka ce a bari su ƙera wani na dizal, ba mai sabuwar fasaha da yawa ba, ya riƙe wuri kafin wancan ya nuna. Suka sa kai ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kowanne da ƙarfin doki 2,250, kowanne nauyinsa wajen tan 70 kaɗai don kada ya ɓata dogo. Babbar matsalarsu ba gudu ba ce, tsayawa ce. An riga an kafa alamun hanya bisa nisan da jirgi mai gudun mil 100 yake bukata ya tsaya, kuma ba kuɗin da za a tumɓuke su a sake dasawa. Saboda haka suka yi masa birki mai faifai wanda zai tsai da shi daga mil 125 a cikin wannan tazara ɗin dai. A ganina, nan ne hikimar take: sun auna hanyar da suke da ita, suka ɗinka jirgi daidai da ita, alhali kuwa Japan da Faransa sababbin hanyoyi suka shimfiɗa.

Ran 4 ga Oktoba, 1976, InterCity 125 ya fara ɗaukar fasinja daga tashar Paddington ta Landan zuwa Biristol da kudancin Wales. Cikin 1978 ya hau hanyar Edinbara, ba da jimawa ba tafiyar ta koma ƙasa da sa'a 5, Deltic kuma ya yi ban kwana a farkon 1982. Cikin 1987 ya yi gudun mil 148 a sa'a, wanda aka rubuta a matsayin mafi sauri ga jirgin dizal a duniya. Shi kuwa APT, ɗan lelen, ya ɗauki fasinja cikin Disamba 1981, sanyi ya daskarar masa da birki, wasu 'yan jarida suka yi kukan jiri, cikin 1986 aka haƙura da shi.

Ɗan riƙon ƙwarya ya yi fiye da shekara 40 a kan aikin da aka ba shi na wucin gadi. Sai cikin 2019 aka janye shi daga dogayen tafiye-tafiye na Paddington da na King's Cross. Daga 2023 aka shiga sayar da wasu a ƙasashen waje, waɗansu suka tafi Meksiko, waɗansu aka sauke su a Legas.

Shugaban taro, idan da tambaya, ga ni.