Jawabin Taron Ƙungiya: Iyayen Ƙasa da Gonakin Bakin Komadugu

Iyayenmu dattawa, da 'yan'uwa da kuka taso daga Yamai da Damagaram da Maiduguri zuwa nan Difa, sannunku da zuwa.

Maganata a kan gonakinmu ce. A zamanin daular Barno ƙasa tana hannun masu sarauta, talaka ya noma ya kai musu rabonsu. Dokar 1962 ta soke gatan sarakuna a kan gonakin sarauta. A 1974 Shugaba Seyni Kunce ya ce gona ta mai nomanta ce. A 2004 kuma aka zaɓi magadan gari, mulki ya koma ofis.

Amma kome ramar giwa ta fi kwando goma. Har yau in rigimar iyaka ta tashi, wurin bulama ake fara zuwa, in ta gagara a kai gaban Kazalma, sarkin Komadugu. Baƙo mai neman aron fadamar tattasai yakan bi ta bakinsu, haka ma mai neman ƙuri'a.

Tun 2015 da Boko Haram ta tashe mu daga bakin kogi, gonaki da yawa suka zama saura, dattawan da suka san iyakoki kuwa suna ƙarewa. Saboda haka kowa ya je wurin bulama da shaidunsa, sannan ya nemi takarda daga hukumar filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa. Mu girmama iyayen ƙasa, amma kada mu bar gadon 'ya'yanmu a bakin mutum ɗaya.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.