MAI HAWAN JINI A ƊAKIN FIƊA

Jawabi don karantawa cikin cibiyoyin yaƙi da jahilci

Zancen yau ya shafi masu hawan jini, wato tansiyo, waɗanda za a yi ma aiki a asibiti.

A manyan asibitocin Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa ana fiɗa kullum: ƙaba, ciwon hanji, ko mace wadda haihuwa ta gagara. Kafin babban aiki, likita na ba mutum maganin barci. In barcin ya yi nauyi, mutum ba ya iya numfashi da kyau shi kaɗai. Don haka likita na buɗe bakinshi da wani ƙarfe mai fitila, ya zura tiyon roba cikin maƙogwaro. Ta wannan tiyo iska ke zuwa huhu har a gama aiki.

MI KE FARUWA GA ZUCIYA?

Ko da mutum na barci, jikinshi na jin taɓin ƙarfe da tiyo. Sai jiki ya zabura kamar ya ga haɗari. Zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin jini su matse, jini ya hau. Abin na somawa nan take, kuma ya kan lafa cikin minti 5 zuwa 10.

Mai lafiya na jure wannan ba wahala. Amma mai hawan jini, hanyoyin jininshi sun riga sun yi tauri, zuciyarshi ta daɗe tana aikin wuya. Tun shekarar 1971 likitocin Oxford, a ƙasar Ingila, suka nuna jinin irin wannan mutum na hawa fiye da na sauran mutane lokacin sa tiyo. Tsohuwar igiya, in an fizge ta da ƙarfi, tana iya tsinkewa. Haka jijiya ke iya fashewa cikin kai, ɓarin jiki ya shanye, ko zuciya ta kasa.

Likitoci suna da dabara. Suna da allurai masu kwantar da zuciya kafin sa tiyo. Suna sa shi da hanzari, suna awon jini a kai a kai. Amma sai sun san mutum na da ciwon tun da wuri.

ABIN DA YA KAMATA MARAR LAFIYA YA YI

1. Ya je a auna jininshi tun kafin ranar aiki. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama. In awo ya riƙa kai 14/9 ko fiye, akwai ciwon. In ya kai 18/11, likita kan ɗaga aikin da ba na gaggawa ba har jini ya sauka. Wannan ba wulaƙanci ba ne, tsaron rai ne.

2. Ya kawo duk magungunan da yake sha, har na gargajiya, ya nuna ma likita.

3. Kada ya bar shan maganin tansiyo da kanshi. Likita ne zai faɗa mashi wanda zai sha da safen aiki da wanda zai dakatar.

4. Ya kiyaye dokar barin abinci. A ƙalla awa 6 kafin aiki ba fura, ba tuwo.

5. Ya rage gishiri da kanwa da magi, ya bar taba.

Mata masu ciki su riƙa zuwa awo. Fiɗar haihuwa ba ta jira, kuma hawan jinin ciki na da haɗari ga uwa da ɗa. In an kai marar lafiya ba ya iya magana, ƴan'uwanshi su gaya ma likita yana da tansiyo.

Kada tsoro ya hana kowa zuwa asibiti. Masu hawan jini da yawa an yi masu aiki sun koma gona lafiya lau. Wanda ya karanta wannan jawabi ya isar da shi ga maƙwabcinshi da bai iya karatu ba tukuna.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.